Roba Da Leda: Abin Da Zafi Ke Fitarwa Ya Shiga Abinci

Duk wanda ya halarci biki ko suna a garuruwan ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan ya san yadda ake kawo tuwo. Da an gama tuƙa shi, tun yana tururi, sai a riƙa kwasa ana zubawa cikin farar leda malmala-malmala, a murɗe baki, a jera cikin kula, a rufe. Haka zai yini da zafinsa har lokacin da za a ci. A bakin sakatariya da ƙofofin makarantu kuwa, da hantsi ya ɗaga, za a tarar mai koko tana ƙulla shi a leda, mai ƙosai tana tsamo shi daga tafasasshen mai tana jefawa a leda, mai shayi ma idan kofuna suka ƙare masa leda yake jawowa. Alalen da a da ake turarawa cikin ganye, yanzu ƙulla shi ake yi a leda a saka cikin ruwa yana tafasa. Akushi da ƙwarya da faifai, waɗanda suka yi wa kakanni hidima shekaru aru-aru, sun kusa zama kayan tarihi.

Babu mai musun sauƙin da wannan canji ya kawo. Leda ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ba a wanke ta, ba kuma a bin maƙwabci bashin ta kamar yadda ake bin kwano. To, amma akwai tambayar da masana kimiyya suka shafe fiye da shekara 50 suna neman amsarta, watau ko abincin da aka zuba cikin roba yana fitowa kamar yadda ya shiga. Abin da suka gano shi ne, akwai sinadaran da ke barin jikin roba su shiga abin da ke cikinta, kuma abubuwa uku ne ke gaggauta wannan ƙaura: zafi, da maiƙo, da daɗewa. Duk wanda ya dubi yadda ake cin abinci a wannan yanki zai ga cewa sau da yawa ukun nan a wuri guda suke haɗuwa.

Roba ba iri ɗaya ba ce

Hausa ta yi wa abubuwa da yawa kuɗin goro da sunan roba, tun daga bokiti da buta har zuwa tayar mota. Ita kanta kalmar leda aro ce daga kalmar Turanci mai nufin fata. Amma a wurin masana, kowace roba da asalinta da halinta. Cikin 1907 ne Leo Baekeland ya ƙera roba ta farko wadda ba daga itace ko dabba aka samo ta ba, a Amurka. Cikin 1933 wasu ma'aikatan wani kamfanin sinadarai a Ingila suka ci karo da foliyetilin, wadda da ita ake yin leda, ba tare da ita suka fita nema ba. Jakar leda mai hannu irin wadda aka sani yau, wani injiniya ɗan Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya tsara ta, aka yi mata rajista cikin 1965. Cikin 1950 duk robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Cikin 2019 ta kai tan miliyan 460.

Yawancin roba daga man fetur da iskar gas ake yin ta. Ana ɗaukar ƙananan ƙwayoyin sinadari a sarƙafa su da juna su zama dogayen sarƙoƙi, kamar yadda ake shirya carbi. Ita wannan sarƙa ta yi girman da ba ta iya ratsa hanji ta shiga jini. Matsalar tana wajen abubuwan da ake ƙara mata. Domin roba ta yi laushi, ko ta yi launi, ko ta jure rana, ko ta ƙi kama wuta, sai an zuba mata wasu sinadarai, kuma akasarinsu ba a ɗaure suke da sarƙar ba. Zama kawai suke yi a tsakaninta kamar yadda turare ke zama cikin tufafi, yana fita sannu a hankali. Wanda ya lura da yadda sabon tiyo ke da laushi, bayan shekara biyu ko uku ya ƙandare ya fara tsagewa, ya ga wannan fita da idonsa. Cikin 2023 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa sinadarai fiye da 13,000 ne ke da alaƙa da roba da ƙera ta, kuma fiye da 3,200 daga cikinsu an san suna da wani hali mai haɗari.

Tun 1988 masu masana'antun roba a Amurka suka fito da alamar da ke bambanta irin-irin roba, kuma duniya ta ɗauka. Idan aka kifa gora ko mazubi aka dubi gindinsa, sau da yawa za a ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo. Lamba 2 da 4 su ne jarka da leda. Lamba 3 ita ce PVC, ta bututu da tiyo da ledar ɗaki. Lamba 5 ita ce ta yawancin bokitai da mazuban abinci. Lamba 6 ita ce farin mazubin nan marar nauyi da ake kira tekawe. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk abin da bai shiga shida na farko ba. Ba domin lafiya aka yi alamar ba, domin masu tsince shara su sake sarrafawa aka yi ta, amma tana da amfani ga mai saye, domin 3 da 6 da 7 su ne aka fi yin magana a kansu.

Ɓerayen da suka tona asiri

Sinadarin da ya fi kowanne suna a wannan fage shi ne bisfenol A, wanda aka fi sani da BPA. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Dianin, shi ya fara haɗa shi cikin 1891. Cikin 1936 wani likita a Landan, Charles Dodds, wanda ke neman maganin da zai yi aiki irin na homon ɗin mata, ya gwada BPA ya ga yana yin wannan aiki, sai dai ba shi da ƙarfi. Shi homon wani sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa, ya bi jini ya kai saƙo ga gaɓoɓi: yaushe yaro zai balaga, yaushe mace za ta yi al'ada, yadda jiki zai sarrafa sukari, yadda ɗan tayi zai ginu a mahaifa. Ɗan kaɗan ƙwarai jiki ke bukata, don haka duk abin da ya kwaikwayi homon, ko ya tare masa hanya, ba sai ya yi yawa zai kawo ruɗani ba.

Dodds ya ajiye BPA, cikin 1938 shi da abokan aikinsa suka samo wani wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, mai suna DES. An yi ta ba mata masu ciki DES da nufin hana ɓari, har zuwa 1971, sa'ad da likitoci a Boston suka gano cewa 'ya'ya matan da aka haifa bayan uwayensu sun sha maganin suna kamuwa da wani irin ciwon daji wanda ba a saba gani ga 'yan mata ba. DES magani ne, ba a sa shi cikin roba. Amma shi ya koya wa likitoci darasin da ake aiki da shi har yau, watau abin da bai cuci uwa ba yana iya cutar da abin da ke cikinta, kuma illar ba za ta bayyana ba sai bayan shekara 15 ko 20.

Shi kuwa BPA sai ya sami wata sana'a. Daga shekarun 1950 aka fara yin wata roba da shi, mai tauri, garai-garai kamar gilashi, wadda ba ta fashewa. Da ita aka yi ta yin bulumboti na jarirai, da ita kuma ake yin da yawa daga manyan gorunan nan da ake kifawa bisa na'urar shan ruwa a ofisoshi. Har wa yau da shi ake haɗa shafen da ake yi wa cikin gwangwanayen abinci domin hana tsatsa.

Cikin 1998 wani abu ya faru a Jami'ar Case Western Reserve da ke jihar Ohayo ta Amurka. Wata masaniya, Patricia Hunt, tana nazarin ƙwan haihuwa na ɓeraye, sai kwatsam ta ga lafiyayyun ɓerayenta sun rikice. A da, ƙwai ɗaya ko biyu cikin ɗari ke fitowa da tangarɗa, sai ga shi abin ya tashi zuwa kusan 40 cikin ɗari. Da aka bi sawu, sai aka tarar wani ma'aikaci ne ya yi kuskure ya wanke kejin ɓerayen da gorunan ruwansu da wani sabulu mai kaifi, sabulun ya ci fuskar robar, BPA ya riƙa tsatsowa. An buga sakamakon cikin 2003. A tsakanin 2003 da 2004 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta auna fitsarin mutum 2,517 masu shekara 6 zuwa sama, ta sami BPA a kashi 93 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne, jiki yakan fitar da BPA cikin kamar yini guda. Idan har an same shi a jikin kusan kowa, ashe kullum ake ɗirka sabo.

Daga nan gwamnatoci suka fara motsi, kuma da jarirai suka fara. Kanada ta ba da sanarwar hana BPA a bulumboti cikin 2008, Tarayyar Turai da Afirka ta Kudu suka bi cikin 2011, Amurka cikin 2012. Faransa ta hana shi a duk mazuban abinci cikin 2015. Cikin Afrilu 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake duba ɗaruruwan bincike, musamman waɗanda suka shafi garkuwar jiki, ta rage adadin da ta ce mutum zai iya ci kullum ba tare da illa ba har ninki 20,000. Cikin Disamba 2024 Tarayyar ta zartar da dokar hana shi a duk abin da ke taɓa abinci, tare da ba masana'antu wa'adin sauyawa. Duk da haka bakin masana bai zo ɗaya ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsaya a kan cewa ɗan abin da ke shiga abinci bai kai ya cutar ba, kuma cibiyar auna haɗari ta Jamus ta ce 'yan'uwanta na Turai sun tsananta. Mafi yawan hujjojin daga dabbobi aka samo su, domin ba a ɗura wa mace mai ciki sinadari don a ga abin da zai faru. Amma idan manyan likitoci suna gardama a kan wani abu, mai jego ba ta yi wauta ba idan ta nisanta jaririnta da shi kafin su gama.

Akwai wata kafa da ba a cika tunawa da ita ba. Farar takardar rasit mai santsi da ke fitowa daga na'urar POS da ta banki, zafi ne ke fito da rubutunta ba tawada ba, kuma BPA ko ɗan'uwansa BPS ake shafa wa irin wannan takarda. Yana manne wa yatsu, musamman idan hannu na da gumi ko maiƙo. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a takardun rasit tun Janairu 2020. Mai sana'ar POS da ma'aji da ke yini suna yagar rasit ya kamata su wanke hannu kafin su kai loma baki. Rubutun da ake yi a jikin wasu kaya cewa babu BPA a ciki shi ma ba ya kashe magana, domin gwaje-gwaje sun nuna BPS da aka maye gurbinsa da shi yana da irin halinsa.

Na biyu a suna su ne dangin fitalet, waɗanda aikinsu tausasa PVC. Ita PVC da kanta tauri gare ta, kamar bututun famfo. Domin ta zama tiyo ko ledar ɗaki ko 'yar tsana mai laushi, sai an cika ta da mai tausasawa, wani lokaci har ya kai sulusin nauyinta ko fiye. Cikin 1970 masana biyu a Jami'ar Johns Hopkins, Jaeger da Rubin, suka gano cewa ɗaya daga cikin dangin, DEHP, yana fita daga jakar ajiye jini ya shiga jinin da za a ƙara wa majiyyaci. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana rage homon ɗin maza a jikin ɗan tayi, ya jawo tangarɗa a al'aura da ƙarancin maniyyi. Cikin 2005 Shanna Swan ta buga binciken da ya nuna alamar irin wannan tasiri ga jarirai maza waɗanda aka sami fitalet da yawa a fitsarin uwayensu. Turai ta hana shi a kayan wasan da yara ke tsotsa tun 1999, Amurka cikin 2008. Wannan ya shafi gidajen ƙasar nan kai tsaye, domin ledar ɗaki PVC ce, abin da ke fita daga cikinta yana haɗuwa da ƙurar ɗaki, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma da buɗe taga suna rage abin sosai.

Gaskiyar magana a kan farar leda

Cikin 2016 Ministan Aikin Gona na wancan lokaci, Cif Audu Ogbeh, ya gargaɗi jama'a cewa cin alalen da aka dafa cikin leda guba ne, ya ambaci dayoksin. Maganar ta yaɗu, wasu suka tsorata, wasu suka mai da ita abin dariya. Shawarar tasa tana kan hanya, amma dalilin da ya bayar yana bukatar gyara. Dayoksin galibi yana samuwa ne idan an ƙona abu mai sinadarin kulorin a zafin ɗaruruwan digiri. Farar leda ba ta da kulorin, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Haka nan ba a bukatar BPA ko fitalet wajen yin foliyetilin. Cikin dangin roba tana daga masu dama-dama, kuma faɗin abin da ba haka ba kan sa mutane su yi watsi da gargaɗin gaba ɗaya.

Amma hakan bai wanke ta ba. Leda tana narkewa ne tsakanin digiri 105 da 115, tana kuma fara saki tun kafin nan, alhali man da ake soya ƙosai ko awara da shi yakan kai digiri 170. Tana ɗauke da sinadaran hana lalacewa da na sa santsi, wata kuma da tawadar rubutu a jikinta. Yawancin waɗannan sinadarai sun fi narkewa cikin mai bisa ga ruwa, saboda haka alale mai manja da ya yi kusan awa guda yana dahuwa cikin leda ya cika dukkan sharuɗɗan nan uku. Daɗin daɗawa, ledar da ake saya a kasuwa ƙulli-ƙulli ba ta da wata alama da ke nuna wanda ya yi ta, balle a san ko domin abinci aka yi ta. Baƙar leda ta fi muni, domin sau da yawa daga tsofaffin robobin da aka tsinto aka narkar ake yin ta, baƙin launin kuma yana rufe asalinsu. Babu mai iya cewa ga abin da wancan tarkace ya taɓa ɗauka. Duk da haka a cikinta ake zuba tsire da balangu da zafinsu da maiƙonsu.

Shi ma tekawe da sitirin ake yin sa, kuma cikin 2018 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga sitirin zuwa rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Daga ma'aikatan masana'antu da dabbobi aka samo hujjar, waɗanda abin da suka shaƙa ya fi na mai cin shinkafa yawa ƙwarai, amma an tabbatar cewa abinci mai zafi da maiƙo ya fi jan sitirin daga mazubin.

Ruwan leda, wanda ya bazu a ƙasar nan tun shekarun 1990, sai an yi masa adalci. Cikin 2021 kaɗai an sami mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu. Wanda zaɓinsa ke tsakanin ruwan leda mai rajista da gurɓatacciyar rijiya, ba shi da abin yin shawara, ruwan leda zai sha. Abin gyara shi ne ajiya. Gorar ruwa mai lamba 1 ba ta da BPA, amma ana amfani da wani ƙarfe mai suna antimoni wajen yin ta. Masana a jihar Arizona ta Amurka, wadda zafinta ya yi kama da na Sakkwato ko Maiduguri, sun nuna cikin 2008 cewa a inuwa abin da ke fita bai taka kara ya karya ba, a digiri 60 sai an yi kusan wata 6 kafin ya wuce ƙa'ida, amma a digiri 80 'yan kwanaki sun isa. Ke nan gorar da aka sha yau ba abin tsoro ba ce. Abin dubawa shi ne lodin ruwan da ake jibgewa a rana gaban shago mako da makonni cikin bazara, ko wanda aka manta a rufaffiyar mota.

Sabon babin da aka buɗe shi ne na ɓurɓushin roba, ƙananan gutsattsarin da ido ba ya gani. Cikin 2020 masana a Dublin suka nuna cewa bulumboti mai lamba 5, idan aka haɗa madara a ciki da ruwa mai zafin digiri 70 aka girgiza, yana iya sakin ɓurɓushi har miliyan 16 a kowace lita. Cikin 2022 aka sami ɓurɓushin roba a jinin mutum 17 daga cikin 22 da aka gwada a Amsterdam. Cikin Maris 2024 likitoci a birnin Naples na Italiya suka buga abin da suka gani ga majiyyata 257 da aka kankare wa kitsen da ya toshe jijiyar wuya: an sami roba a cikin kitsen 150 daga cikinsu, kuma cikin kusan shekara uku da suka biyo baya waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa har ninki huɗu da rabi. Su kansu likitocin sun ce wannan bai tabbatar da cewa robar ce sanadi ba, wasu masana kuma suna tuhumar hanyoyin awon, domin ɗakin gwaji ma cike yake da roba. Shawarar masanan Dublin dai mai sauƙi ce: a haɗa madarar cikin kofin tangaran ko na ƙarfe, ta huce, sa'an nan a juye a bulumboti.

Inda haɗarin ya fi tabbata

Abin mamaki shi ne, wurin da masana ba su da gardama a kai shi ne wurin da jama'a suka fi sakaci. Ƙona roba guba ne tabbatacce. Idan juji ya kama wuta, da PVC da ragowar abinci mai gishiri da wayoyin lantarki a ciki, yana ci a hankali yana hayaƙi, nan ne dayoksin na gaskiya ke samuwa. Yana cikin sinadarai 12 na farko da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa wa ido, wadda Nijeriya ta amince da ita. Ba ya ruɓewa da wuri, yana sauka a ƙasa da toka, dabbobi su ci, ya taru a kitsensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi.

Cikin 2019 wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da gurɓata muhalli ta auna ƙwan kajin gida a ƙauyen Tropodo na Indonesiya, inda masu yin awara ke hura wutar tukwanensu da tarkacen roba saboda ya fi itace araha. An tarar wanda ya ci ƙwai ɗaya ya ɗauki dayoksin ninki 70 na abin da hukumar Turai ta ce jiki zai iya jurewa a yini. A wannan shekara aka yi irin wannan awo a Agbogbloshie cikin birnin Akra na Gana, inda a lokacin samari, da yawansu 'yan arewacin ƙasar, ke ƙona wayoyin lantarki domin ciro jan ƙarfe, aka sami ninki 220. Ba sai an je Indonesiya za a ga makamancin haka ba. A gidaje da yawa da leda ake tayar da wutar gawayi, uwargida ta sunkuya tana fifita da goyo a bayanta. A wasu mahautai da tsofaffin tayoyi da robobi ake babbake ganda da ƙafafu da kawuna. Kaji da awaki kuwa a juji suke yini.

Kusa da wannan akwai al'adar sake amfani da mazubi. Roba tana tsotse abin da aka zuba mata, wanki da omo ba ya fitar da shi duka. Jarka ko galan da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko maganin kashe ciyawa, ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a ɗauraye shi sau uku a zuba ruwan cikin tankin feshi, sa'an nan a huda shi domin kada wani ya ɗauka. A ƙauyuka da yawa irinsa ake mayarwa na man gyaɗa ko nono ko ruwan tafiya gona. Wannan yana iya kwantar da gida guda a dare ɗaya. Gorunan da yara ke tsintowa a bola a sayar wa masu zoɓo da kunun aya kuwa, ƙwayoyin cuta ne abin tsoro a cikinsu tun kafin a zo maganar sinadari.

Ta fuskar doka, Ruwanda ta hana leda cikin 2008, Kenya cikin 2017. Jumhuriyar Nijar ta kafa dokar hana shigowa da sayar da leda marar kauri cikin 2014, Kamaru ma a wannan shekara, ko da yake wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Garwa zai ga ledar ba ta tafi ko'ina ba. A Nijeriya Majalisar Wakilai ta amince da shirin dokar hana leda cikin 2019, amma bai zama doka ba. Jihar Legas ta hana tekawe cikin Janairu 2024, cikin Yuni na wannan shekara kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomin Gwamnatin Tarayya. Kusan duk waɗannan dokoki toshewar magudanan ruwa da ƙazantar gari ne suka haife su. Abin da ke shiga ciki aikin hukumar NAFDAC ne, wadda aka kafa cikin 1993, da hukumar kula da ingancin kaya, wadda ta girme ta da shekara 22. Abu mafi sauƙi da za su iya tilastawa shi ne kowace ledar abinci ta ɗauki sunan masana'antar da ta yi ta, da alamar cewa daga sabuwar roba aka yi ta. A duniya baki ɗaya ma tafiyar hawainiya ake yi. Cikin Maris 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a rubuta yarjejeniya kan roba, amma taron Busan na 2024 da na Jeniba na Agusta 2025 duk sun watse ba a daidaita ba, domin manyan ƙasashe masu arzikin mai sun ƙi yarda a ƙayyade yawan robar da za a ƙera.

Kafin hukumomi su gama shawara, abin da ke hannun magidanci da ɗalibi ba shi da wuya, tun da yake zafi ne babban mai laifi. Busasshen hatsi ko gari a bokitin roba ba abin damuwa ba ne. Abinci mai zafi shi ke son langa ko kwanon silba ko tangaran, tuwon biki ma ana iya jera shi cikin babbar tukunya mai murfi kamar yadda ake yi kafin zuwan kula. Alale yana dahuwa lafiya cikin ganye ko ƙananan kofunan ƙarfe, waɗanda sun fi tsohon gwangwanin madara da ya fara tsatsa. Mazubin robar da ya dushe ko ya kakkarce ya gama aikinsa a wajen abinci, sai dai a zuba masa ƙusoshi. Masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara su ne suka fi cancantar wannan kulawa. Ma'aikacin da ke karya kumallo a bakin ofis kuwa yana iya ajiye kofi da kwano a aljihun teburinsa. Mai koko ba ta ƙin zuba wa wanda ya zo da kofinsa, kuɗin leda ma ya huta mata.